Yadda na gyara Canon iP4200: cika tawada da buga fuskar faifai

Firintar 'yar gwanjo ce daga Amurka, irin waɗanda ake rufe musu aikin buga faifan CD tun daga kamfani. Injin yana ciki, saitin yankin duniya da aka yi wa firintar kawai za a sauya, daga Amurka zuwa Turai.

A kashe ta. A danne Resume, wato maɓallin ci gaba da bugawa, a haɗa da maɓallin kunnawa, a saki Resume, a taɓa shi sau 2, a saki na kunnawa. Idan fitila ta daina ƙiftawa, Resume sau 5, kunnawa sau 1. Sai Resume sau 4, wato Turai, a sake taɓa kunnawa. A cire robar da ta toshe ramin faifai, a sake saka direba, wato manhajar firintar, a kwamfuta. Tiren ɗora faifai mai harafin C take ɗauka.

Tawada ce mai rigima. Kwalin tawada na CLI-8 mililita 13 ne, amma kada a cika shi maƙil. A toshe bakin ƙasa tukuna, a huda saman ɓangaren da babu soso, a zuba da sirinji sannu a hankali, a liƙe hudar da gam mai zafi. Idan iska ta samu ƙofa, tawada za ta tsiyaye cikin firintar. PGI-5BK, babban kwalin baƙar tawada, tawadarsa daban ce da ta CLI-8. Haɗa su yana toshe kan bugawa, wato ɓangaren da ke fesa tawada.

Idan ta ce tawada ta ƙare, a danne Resume daƙiƙa 5. Daga nan firintar ta daina auna tawadar, ido ne ma'auni, don bugawa babu tawada tana ƙone kan. Da hunturun Katsina kuwa, a riƙa buga shafi ɗaya duk sati, a rufe ta da ƙyalle.