Yadda Ake Zaɓen Keken Hawan Duwatsu da Fita da Shi a Karkarar Damagaram

Keken hawan duwatsu, wanda a Nijar aka fi sani da VTT, ya samo asali ne a jihar Kalifoniya ta Amurka cikin shekarun 1970, lokacin da wasu matasa suka riƙa gyara tsofaffin kekuna masu kaurin taya suna gangarowa da su daga dutsen Tamalpais. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da samfurin wannan keke mai suna Stumpjumper, sannan a 1996 wasan ya shiga gasar Olympics a birnin Atlanta. Sai dai ƙasar da aka ƙera keken dominta ta bambanta da tamu. Wanda ya fita daga Zinder ta kowace kusurwa, abin da zai tarar shi ne yashi mai zurfi, da fako, da manyan duwatsu irin waɗanda ke kewaye da tsohuwar unguwar Birni, da kuma ƙaya a ko'ina. Saboda haka keken da ya dace da Damagaram shi ne mara tarkace da yawa, mai tayoyi masu kyau, wanda mai gyaran keke na unguwa zai iya kwance shi ya mayar.

Abu na farko shi ne girman keken, domin duk sauran kayansa ana iya canza su daga baya, amma gangar jikinsa ba ta canzuwa. Ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa a ƙasa, ka tabbata akwai tazarar ƴan yatsu tsakaninka da ƙarfen sama, saboda a kan dutse za ka riƙa dirowa ba shiri. Daga nan ka zauna a sirdi, ka ɗora dunduniya a kan feda lokacin da take can ƙasa. Idan ƙafar ta miƙe ba tare da ƙugunka ya karkata ba, to tsayin sirdin ya yi daidai. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa yana kawo ciwon gwiwa, kuma matasa da dama haka suke tuƙi ba su sani ba.

Masu saye sukan ruɗu da keken da ke da shokozoba gaba da baya, domin yana ɗaukar ido. A ganina, mai matsakaicin ƙarfi ya guje shi. Na ƙwarai a cikinsu yana da tsada kuma gyaransa na buƙatar kayan aikin da ba a ko'ina ake samu ba, mai arha kuwa nauyi ne da shi, yana lanƙwasa duk lokacin da ka taka feda, sai ƙarfinka ya riƙa tafiya a banza. Keke mai shokozoba a gaba kawai ya wadatar da hanyoyinmu, kuma wanda ba shi da shi kwata-kwata ma yana aiki idan tayoyinsa na da faɗi. Wajen birki, na faifai mai aiki da waya ya fi sauƙin gyara a kan mai aiki da mai, sannan tsohon birki mai kama bakin wili ba abin rainawa ba ne a ƙasar da ake ruwan sama na ƴan watanni kaɗan kawai.

Tayoyi ne ya kamata a kashe wa kuɗi. Ana ƙera wilin waɗannan kekuna da girman inci 26, ko 27.5, ko 29. Babban wili ya fi ratsa yashi da tsakuwa cikin sauƙi, amma tsofaffin kekunan gwanjo galibi masu inci 26 ne, don haka kafin ka biya kuɗi ka leƙa wurin masu sayar da kayan keke ka tambayi girman taya da tif ɗin da suke da shi a ajiye. Faɗin taya ya kai inci 2.1 zuwa 2.4, siririyar taya nutsewa take yi a yashi. Ka duba bakin tif ɗin kuma, domin mai kauri irin na babur ana iya ba shi iska a wurin kowane mai faci, siririn kuwa sai da famfonsa.

Idan na gwanjo za ka saya, kada fenti ya ɗauke maka hankali. Ka bi wuraren walda da ido da yatsa kana neman tsaga, musamman a wuyan keken da ƙarƙashin sirdi, domin gangar alminiyam da ta tsage ba ta da amana ko an sake yi mata walda. Ka ɗaga keken ka juya kowane wili ka ga ko yana layi. Ka matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya. Idan ka ji ƙwas-ƙwas a wuya, akwai abin da ya saki. Ka dubi haƙoran giya, idan sun yi tsini sun kwanta gefe guda to su da sarƙar duk sun ƙare, kuma kuɗin canza su ya kamata ya fita daga cikin ciniki. A ƙarshe ka hau ka sa kowace giya ɗaya bayan ɗaya kafin ku yi sallama da mai keken.

Ƙaya ita ce babbar matsala. Ƙarangiya tana manne wa safa da ƙafar wando, amma masu huda taya su ne tsaida da ƙayar aduwa da ta bagaruwa, kuma sun fi yawa a gindin itatuwa, daidai inda mutum ke son tsayawa ya huta. Ka sauka tun daga nesa ka ɗauki keken zuwa inuwa. Akwai ruwan roba da ake zubawa cikin taya ya toshe ƙananan huji da kansa, idan kuma ba a samu ba, ana yanka tsohon tif a shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon tif. Ko da haka, kada ka fita ba tare da tif na ajiya da famfo da faci da sholisho ba. Idan ka yi faci a daji, kafin ka mayar da tif ka zura yatsu a hankali ka zagaye cikin tayar, za ka ji kan ƙayar da ta karye tana nan a maƙale. Wanda ya manta da wannan, taku kaɗan zai yi iska ta sake fita.

Masu faci sun saba cika taya har ta yi tauri, wanda ya dace da kwalta amma bai dace da karkara ba. Mutum mai matsakaicin nauyi yana iya farawa da kimanin "bar" 2, wato awon ƙarfin iska a ma'aunin famfo, ya ɗan rage idan hanyar yashi ce. Kada dai a rage har dutse ya riƙa dukan bakin wili, domin hakan na tsaga tif.

Tuƙi cikin yashi yana da ka'idarsa. Ka sa giya mara nauyi tun kafin ka shiga, ka mayar da nauyinka baya domin tayar gaba ta yi sauƙi, ka sassauta riƙon kan keke, ka ci gaba da taka feda ba tsayawa, idonka kuma a inda yashin ya ƙare. Kan keken zai riƙa karkata hagu da dama. Ka bar shi, domin juya shi da ƙarfi ko taɓa birkin gaba shi ke kayar da mutum. A kan dutse kuwa, idan za ka gangara, ka miƙe daga sirdi, fedoji biyu a daidai, gwiwa da gwiwar hannu a lanƙwashe, kana matsa birki biyun a hankali. Busasshen dutse yana riƙe taya da kyau, amma inda iska ta watsa masa yashi yana da santsi ƙwarai. Gangaren da ba ka sani ba, ka fara takawa da ƙafa.

Mai koyo zai iya farawa da hanyar Miriya, wadda ba ta kai kilomita 20 daga Zinder ba, a kan babbar hanyar da ta nufi Gure da Diffa. Ana iya tafiya a gefen kwalta, a riƙa ratsewa zuwa hanyoyin amalanke idan an gaji da motoci, a huta kusa da lambuna, a dawo. Lokacin da ya fi daɗi shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai kuma safiyar da ta biyo bayan ruwan sama a damina, lokacin da yashi ya kwanta ya yi ƙarfi. Daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, don haka a fita bayan sallar asuba a dawo kafin hantsi ya yi nisa, da ruwa aƙalla rabin lita ga kowace awa. Hular kwano wajibi ce. Ka riƙe takardar shaidarka, ka gaya wa mutanen gida inda ka nufa, ka nisanci wuraren soja, kuma tafiya mai nisa a yi ta cikin ayari bayan an tambayi halin da hanya ke ciki. Da damina kada ka ratsa shuka. Idan ka haɗu da garke a burtali, ka sauka ka yi wa makiyayi sallama ka jira dabbobi su wuce.

Bayan an dawo, sarƙa ce ke buƙatar kulawa. Baƙin man inji da ake yawan shafa mata yana kama ƙura ya koma tamkar dutsen niƙa, yana cin sarƙa da haƙoran giya tare. Ka goge ta da tsumma, ka ɗiga mai mara kauri a kowace gaɓa, ka juya feda baya sau da yawa, sannan ka sake goge ta har wajenta ya bushe. Keken kuma a ajiye shi a inuwa, domin ranar Damagaram tana busar da roba ta tsattsage taya ko ba a hau ba.