Yadda Za Ka Kula da Gas ɗin AC Lokacin Canza Injin Mota

Da farko duba takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet. Ita ce za ta faɗa maka irin gas ɗin da nauyinsa: R134a ne ko R1234yf na sababbin motoci. Ba a haɗa su.

Sai ka cire kan batir.

In da hali, kada ka buɗe bututun AC sam. Cire bel da wayar kwamfireso (famfon da ke tura gas ɗin AC), kwance notocinsa, ka ɗaure shi gefe da waya mai ƙarfi. Kada ya rataya a kan tiyo, tsagewa yake yi. Wannan ce hanyar da ta fi, a ganina.

Idan kuwa sai an kwance bututun, kai wa mai gyaran AC ya zuƙe gas ɗin da na'ura tukuna. Sakinsa a iska na ɓata muhalli, kuma sanyinsa na ƙona fata da ido. Toshe bakin kowane bututu nan take, don man kwamfireso na shan danshi.

Bayan an ɗora inji, in an buɗe bututun, sa sababbin robobin mahaɗar bututu da draya (abin da ke tsane danshi daga gas ɗin), a zuƙe iska na aƙalla minti 30, sannan a cika gas da ma'auni daidai adadin da takardar ta nuna.