Idan allon Linux yana jan ƙafa, leƙa /proc/mtrr kafin ka zargi katin hoto

Wata tsohuwar laftof ɗina ce ta koya min wannan. Na ƙara mata RAM ya kai giga 4, ina murna, sai ga shi in na ja taga a allo tana barin sawu, rubutu kuma yana gangarowa layi bayan layi har ina iya ƙirgawa. Na sauya direba, wato manhajar da ke sarrafa katin hoto, sau biyu a banza. Ashe katin lafiyarsa ƙalau, hanyar da furosesa ke bi ta kai masa saƙo ce aka ƙuntata.

Kowane yanki na ƙwaƙwalwar kwamfuta yana da ƙa'idar da furosesa ke bi wajen rubutu a cikinsa. RAM na yau da kullum yana kan write-back, wato a riƙe bayanai a ma'ajiyar kusa, a sauke daga baya. Yankunan na'urori kuwa ana barin su kan uncachable: kowane rubutu ya tafi shi kaɗai, nan take, bi da bi. Da gangan aka yi hakan, don na'ura ba ta son a sauya mata jerin umarni. Amma ga ɗigon hoto wannan azaba ce, kamar kwashe buhun gero da cokali. Abin da ƙwaƙwalwar hoto ke so shi ne write-combining, inda furosesa ke tara ƙananan rubuce-rubuce su cika bayit 64 sannan ta tura su gaba ɗaya.

Abu biyu ne ke tsara wannan. MTRR, wanda ya zo da Pentium Pro a 1995, rajistoci ne 'yan kaɗan, wato ƙananan gurabe a cikin furosesa da ke riƙe da ƙa'idar kowane yanki, galibi takwas, kuma BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfuta, ke cika su kafin Linux ya farka. PAT ya zo da Pentium III, yana aiki iri ɗaya amma shafi-shafi, wato a kan ƙananan gutsattsarin ƙwaƙwalwa, kanel ɗin Linux kuma, wato zuciyar tsarin, ya fara amfani da shi daga 2.6.26 a 2008.

Don haka buɗe tagar umarni (terminal) ka fara da wannan:

dmesg | grep -i -e mtrr -e "x86/PAT"

In ka ga layin PAT ɗauke da WC, wato write-combining, kuma direbanka na zamani ne, to ka ƙyale MTRR, matsalarka tana wani wuri. Sai dai ka leƙa /proc/cmdline ka tabbata ba wanda ya saka nopat, kalmar da ke kashe PAT, ya manta. Ni abin da na gani shi ne "MTRR allocation failed", tare da gargaɗin cewa hoto zai yi nauyi.

Daga nan sai cat /proc/mtrr, mai nuna abin da ke cikin rajistocin, ka buɗe lspci -v, mai jera na'urorin kwamfutar, a gefe. Nemi katin hoto, ka ɗauki adireshin yankin da aka rubuta wa prefetchable. Shi ne babban. A tawa yana farawa daga d0000000, girmansa mega 256. Da na kwatanta, BIOS ya shimfiɗa write-back a kan faɗin ƙwaƙwalwar, sannan ya huda ramuka da uncachable, har rajistocin suka ƙare. Inda biyun suka haɗu kuma uncachable ke rinjaye.

Gyaran da na fi yarda da shi shi ne a bar kanel ya sake jera su da kansa. A allon GRUB, wanda ke fitowa kafin Linux ya tashi, danna e, ka ƙara wannan a ƙarshen layin da ya fara da linux:

enable_mtrr_cleanup mtrr_spare_reg_nr=1

Na farkon yana sake tsarin, na biyun yana ware rajista ɗaya don hoto. Gwajin tashi ɗaya ne, in ya ɓaci ka kashe ka kunna. Sai ya yi kyau za ka rubuta shi a /etc/default/grub ka sabunta GRUB.

Ana iya yi da hannu, a matsayin root, wato mai cikakken iko a kan tsarin:

echo "base=0xd0000000 size=0x10000000 type=write-combining" > /proc/mtrr

Dole girman ya zama ninkin biyu-biyu, 64 ko 128 ko 256, kuma adireshin farawa ya rabu da girman ba saura, in ba haka ba kanel zai ƙi. A nan na ƙona hannuna. Ina neman gurbi sai na rubuta disable=0, ashe rajistar da ke riƙe da RAM ɗina ce. Ko linzami bai ƙara motsi ba, sai da na danne maɓallin wuta. Kada kuma ka sa write-combining a ƙaramin yankin da aka rubuta wa non-prefetchable, nan ne katin ke karɓar umarni.

Idan baƙin allon rubutu ne kaɗai ke nauyi a tsohuwar na'ura mai direban allo na vesafb, shi ba ya taɓa MTRR sai an ce masa a layin GRUB ɗin nan: video=vesafb:mtrr:3. Akwai ma akasin haka a wasu injinan UEFI, magajin BIOS, inda yawan rubutu a allon ke rage wa sauran sassan furosesa gudu; don su aka tanadi video=efifb:nowc.

Tawa dai layin GRUB ɗin nan ya ishe ta. Da ta tashi na sake buɗe /proc/mtrr, sai ga sabon layi a ƙasa: base=0x0d0000000, 256MB, write-combining. Na kama taga na yi ta yawo da ita daga kusurwa zuwa kusurwa, ba sawu ko ɗaya.