Yadda za ka zaga Tokyo ba ka dawo gida da ciwon ƙafa ba

Kuskurena a ranar farko shi ne na ɗauki Tokyo tamkar Zariya, inda za ka taso daga Samaru, ka biya Sabon Gari, ka leƙa Tudun Wada, ka shiga Birni ta Ƙofar Doka, duk kafin azahar. Wurare bakwai na rubuta a takarda. Uku muka gani, na koma masauki ina ɗingishi, uwargida tana cewa, "Malam, wai hutu muka zo ko noma?" Daga nan muka sake shiri: unguwa ɗaya da safe, yamma kuma ta hutawa ce.

Ranar da ka sauka, ka bar wa barci. Agogon Japan ya riga namu da awa 8, idonka zai buɗe tar da tsakar dare. In kana da zaɓi ka sauka a filin jirgin Haneda, don na Narita ya kai kusan kilomita 60 daga tsakiyar gari. Kuma kada ka kuskura ka ɗauko kilishi ko dambun nama, dokarsu ta hana shiga da nama.

Tun a filin jirgi ka nemi katin Suica ko Pasmo, ka zuba masa kuɗi. Shi za ka riƙa dangwalawa a ƙofar tasha, da shi za ka sayi ruwa a kanti. Sannan ka riƙe layin jirgin ƙasa na Yamanote, mai alamar kore. Zobe ne mai tashoshi 30, zagaye ɗaya kamar awa guda, kuma Ueno da Shinjuku da Harajuku da Shibuya duk a kansa suke. In ka wuce tasharka, yi zamanka, zai dawo da kai. Ka dai guji jirgin 7:30 zuwa 9 na safe, lokacin da ma'aikata ke cushe kamar kifin gwangwani. Ba a amsa waya a ciki. Yayana ya kira daga Kongo, na fara "ina gajiya, ya iyali," sai na ga ni kaɗai ake ji a taragon. Babu wanda ya ce uffan, kunya ce ta sa na kashe.

Unguwar Asakusa da sassafe ake zuwa, kafin 'yan yawon buɗe ido su cika titin Nakamise. Can ne Senso-ji yake, wurin bautar mabiya Buda, da ƙatuwar jar fitilar nan a ƙofar Kaminarimon. Mu kallo ya kai mu, muka yi muka wuce. Daga bakin kogin Sumida za ka hango hasumiyar Skytree, mita 634, da aka buɗe a 2012. Hawansa da kuɗi. Ni dai shawarata ka adana kuɗinka, ka tafi ginin gwamnatin birnin a Shinjuku, hawa na 45, mita 202, kyauta. In sama ta washe har dutsen Fuji ake gani. Mararrabar Shibuya kuwa minti ashirin ya isa: ka tsallaka sau biyu, ka ɗauki hoto, ka yi gaba.

Juma'a ka ba Tokyo Camii, kusa da tashar Yoyogi-Uehara. An fara buɗe masallacin a 1938, aka sake shi a 2000 da fasalin masallatan Turkiyya. Ka je da wuri, yana cika. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne alƙibla: mu da muka tashi muna cewa "fuskanci gabas," a can yamma ake kallo, a ɗan karkata arewa. Sai da na duba wayata sau uku kafin zuciyata ta yarda.

Abinci sai da lura. Romon taliyarsu, ramen, sau da yawa na alade ne, kuma akwai mirin, wata giyar shinkafa da ake zubawa a miya. Ka ajiye hoton wannan harafi a waya, 豚, alade ke nan. Shin-Okubo, tasha ɗaya daga Shinjuku, tana da shagunan halal da gidajen abincin Musulmi. Bayan cin abinci ba a barin wa mai hidima ɗan ihisani, biyo ka zai yi da canjinka.

Hutun gaske a lambun Shinjuku Gyoen muka same shi. Yen 500 ake shiga, ranar Litinin a rufe. Muka shimfiɗa mayafin uwargida a kan ciyawa, muka yi awa uku ba mu tsinana komai ba. Ka zo da leda, don kwandon shara wuyar gani gare shi, kowa da tasa yake komawa gida. Gidajen wankan ruwan zafi da suke alfahari da su tsirara ake shiga, don haka muka haƙura, muka cika bahon masaukinmu mai zurfi muna jiƙa ƙafa kowane dare. Butar da na cusa a akwati tun daga Zariya kuwa ko sau ɗaya ban fito da ita ba, masansu da kansa yake feso ruwa, har da mai ɗumi.