Babi na Bakwai: Yadda Maganin Naitirogilisarin Yake Shiga Jiki

Darasi na ɗaya

Idan jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini suka ƙuntata, mutum yakan ji ƙirjinsa ya matse ko ya yi nauyi, musamman in ya hau tudu, ko ya ɗauki kaya, ko ransa ya ɓaci. Tun shekarar 1879, lokacin da likita William Murrell na Landan ya bayyana amfanin naitirogilisarin, ake ba masu wannan ciwo shi. Aikinsa shi ne ya sassauta jijiyoyin jini su buɗe, sai wahalar zuciya ta ragu. Maganin ɗaya ne, amma hanyar da ya bi ya shiga jiki ita ke sa ya yi sauri ko ya yi jinkiri.

Darasi na biyu: ƙwayar ƙarƙashin harshe

Wannan ƙwaya ba a haɗiye ta. A nan ne yawancin ɗalibai suke tuntuɓe, domin tun ƙuruciya mun saba da cewa ƙwaya da ruwa ake kora ta. Fatar ƙarƙashin harshe siririya ce, cike take da ƙananan jijiyoyi, saboda haka maganin yana narkewa ya shiga jini kai tsaye, ya fara aiki cikin minti 1 zuwa 3. In kuwa aka haɗiye shi, sai ya bi ta hanji ya isa hanta, ita kuma hanta ta lalata kusan dukkansa kafin ya kai inda ake bukatarsa.

Da zarar ciwon ya taso, ku zauna tukuna, domin maganin yana saukar da hawan jini, kuma wanda ke tsaye jiri na iya kayar da shi. Ku ɗaga harshe, ku ajiye ƙwaya ɗaya a ƙarƙashinsa, ku sauke harshen, ku rufe baki, ku jira ta narke. Kada a tauna, kada a sha ruwa, kada a haɗiye. Wanda hannunsa bai saba ba, ya riƙa gwadawa da ɗan guntun sukari, a hankali zai iya: ɗaga harshe, ajiye, sauke harshe, jira. Ciwon kai bayan haka abu ne da aka saba gani, jijiyoyi ne suka buɗe. Idan minti 5 suka wuce ciwon ƙirjin bai lafa ba, a nemi mota zuwa asibiti nan take, kuma kada a wuce ƙwaya uku cikin minti 15.

Duk da wannan maimaitawa, sai ka ga dattijo ya dawo yana cewa ya kora ƙwayar da ruwa amma ba ta yi masa komai ba. Haba, jama'a! Ƙarƙashin harshe aka ce, ba cikin ciki ba. Haka kuma masu juye ƙwayoyin cikin leda su cusa a aljihu, su sani zafi da iska suna kashe ƙarfinsu; a bar su cikin kwalbarsu ta gilashi, a rufe sosai. Wanda ya sha Viagra ko wani maganin ƙarfin maza kada ya kuskura ya haɗa da wannan, domin jininsa na iya sauka har ya halaka.

Darasi na uku: na fesawa

Ana fesa shi a ƙarƙashin harshe ko a kan harshen, saurinsa kamar na ƙwayar ne. Ba a shaƙarsa, kuma shi ma ba a bin sa da ruwa.

Darasi na huɗu: filasta da man shafawa

Waɗannan ta fata suke shiga sannu a hankali, don haka rigakafi ne, ba sa kashe ciwon da ya riga ya taso. Ana barin filastar awa 12 zuwa 14 sannan a cire, domin in ta zauna dare da rana jiki yakan saba da maganin ya daina jin sa.

Darasi na biyar

Akwai kuma nau'in maganin da ake sawa ta ƙarin ruwa. Wannan aikin ma'aikatan asibiti ne.