Yadda za ka hana zomo gwaguyar kayan ɗaki

Masu zomo a Marwa da Garwa sun sha tambayar wannan. Haƙoran zomo ba sa daina tsawo, dole ya yi gwaguya. Abin yi shi ne a ba shi abin da ya dace.

1. Kwashe cajar waya, takalma da leda daga ƙasa.
2. Zura wayar lantarki cikin tiyo mai kauri.
3. Cika masa busasshiyar ciyawa, kullum tulin da ya kai girman jikinsa. Ƙara ɗan harawar gyaɗa.
4. Ba shi reshen zogale ya gwaguya. Hattara! Ban da tumfafiya, guba ce. Ban da katako mai fenti.
5. Huda kwali ƙofa biyu, cire salatif ɗin, cusa ciyawa ciki. Zomo ya fi sakewa da maɓoya mai mafita biyu.
6. Sake shi ya zagaya da asuba da yamma, aƙalla awa 3. Da rana, musamman a zafin Afrilu, bar shi a inuwa da ruwa.
7. In ya kama abin da aka hana, miƙa masa reshensa. Kada ka doke shi, tsoronka kawai zai koya.

In ya kai awa 12 bai ci ba ko bai yi kashi ba, garzaya wurin likitan dabbobi.