Yadda ake jinyar kai bayan tiyatar matsewar ƙashin baya idan zugin jijiya ya ƙi tafiya

Tun da aka yi mini tiyatar buɗe wa jijiyoyi hanya a ƙashin baya, 'yan uwa da maƙwabta a nan Jos suke turo mini duk wanda aka sallamo bayan irin wannan aiki, kuma na lura cewa mafi yawansu suna samun tangarɗa ne a gida, tsakanin mako na 3 da wata na 3, lokacin da ɗinki ya kame amma ƙafa ba ta daina zugi ba. Ni ma a nan na yi tuntuɓe.

Kafin ka bar asibiti, ka tambayi likita wane irin aiki ya yi maka. Ciwon kansa tsukewa ce ta ramin da jijiyoyi ke bi a cikin ƙashin baya, galibi tsakanin gaɓa ta 4 da ta 5 na ƙugu, shi ya sa kafin aikin mutum yake gaza doguwar tafiya sai ya zauna ko ya ranƙwafa ya ji sauƙi. Wani ana cire masa ɗan ɓangaren ƙashin da ke danne jijiyar kawai, wani kuma ana haɗa masa gaɓoɓi biyu da ƙarfe da noti. Na biyun yana buƙatar wata 3 zuwa 6, wani lokaci fiye da haka, kafin ƙashin ya haɗe, don haka dokokinsa sun fi tsauri.

Abu na farko da za ka koya a gida shi ne sauka daga gado. Ka lanƙwasa gwiwoyi, ka mirgina gefe ɗaya kafaɗa da ƙugu a tare kamar gungumen ice, ka zuro ƙafafu ƙasa, sannan ka tura kanka sama da hannu. Katifar ƙasa ba ta dace ba a wannan lokaci, ko aro ne a samo gado. Daga nan sai tafiya, wadda ita ce babban magani: minti 5 a tsakar gida sau 4 ko 5 a rana, kana ƙara minti 1 ko 2 bayan kwana biyu. Ka zaɓi wuri mai shimfiɗe, domin hanyoyin unguwanninmu irin su Gangare da Unguwar Rogo cike suke da duwatsu da gangara.

A makonni 6 na farko babu sunkuyawa, babu murɗa jiki, babu ɗaukar abin da ya wuce kilo 4 ko 5. Likita zai faɗi haka a taƙaice, amma a gidan Bahaushe ma'anarsa tana da faɗi. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, ko bokitin wanka ma ya zarce iyaka. Ga mata, shara da gajeriyar tsintsiya da daka da wanki a tsugune da goyo duk sun shiga ciki. Alwala a yi ta a kan kujera wani yana zuba ruwa, salla kuma a tsaye da zaune a kan kujera ana nuni ga ruku'u da sujada, domin addini ya yi wa mara lafiya wannan rangwame. Idan masai na tsugunno ne a gidan, ka sayi kujerar ba-haya, ko kafinta ya huda maka kujerar katako mai ƙwari, wanda ya fi araha nesa ba kusa ba. 'Yan dubiya kuwa, ka karɓe su a kwance ko a tsaye, kada kunya ta zaunar da kai fiye da minti 20 zuwa 30 a jere.

Sai batun zugin jijiya, wanda shi ne dalilin wannan rubutu. Tiyata tana ɗauke abin da ke danne jijiya ne, amma jijiyar da ta shekara biyu ko uku a matse ba ta warkewa ranar da aka sake ta. Tana kumbura, tana aika saƙon ciwo ko da babu abin da ke taɓa ta, kuma idan ta lalace har sai ta sake tofowa, abin da take yi bai wuce kimanin milimita 1 a rana ba. Ka kwatanta wannan da nisan da ke tsakanin ƙugu da yatsun ƙafa, za ka gane dalilin da ya sa sauƙi yake ci gaba da zuwa har shekara guda ko shekara da rabi. Yawanci zugi ne ke fara raguwa, ƙarfin ƙafa ya biyo baya, sagewa da minjirya su zo ƙarshe, kuma gaskiya wasu sukan zauna da ɗan sagewar tafin ƙafa har abada.

Ni a mako na 3 zafi ya dawo mini a sha-raɓa da tafin ƙafa kamar an ɗora garwashi, musamman da dare cikin sanyin hunturu. Na yanke hukunci cewa aikin bai yi ba, na koma gado na yi kwana 10 ba na taka ko ƙofar ɗaki, har na yarda aka kawo mai tausa ya danna mini baya da man zafi. Zugin bai ragu ba, ƙafafuna kuma suka yi rauni sosai, sai da na yi kusan wata guda kafin na dawo da tafiyar da nake yi a baya. Da na koma asibiti aka duba, babu abin da ya ɓaci a wurin aikin, jijiyar ce take farfaɗowa.

Abin da nake sa kowa ya yi yanzu shi ne ya ajiye ɗan littafi. Kowace yamma ka rubuta minti nawa ka yi tafiya, da kuma inda ciwon ya tsaya a ƙafarka, a yatsu ne ko a ƙwauri ko a cinya. Kada ka auna yau da jiya, ka auna wannan mako da makonni 2 da suka wuce. Idan ciwon yana janyewa daga tafin ƙafa zuwa ɗuwawu, alamar ci gaba ce ko da ƙarfinsa bai ragu ba. Ranar da ya tsananta ka rage tafiyarka zuwa rabi, amma kada ka daina ta gaba ɗaya. Mai ɗori da mai ƙaho kada su kusanci wurin aikin. Haka kuma ƙafar da ta sage ba ta jin zafi sosai, saboda haka kada ka miƙa ta ga kaskon wuta ko ka tsoma ta a ruwan zafi a sanyin Disamba ba tare da ka gwada da hannu ba, domin na ga wanda ya ƙone bai sani ba.

Maganin ciwon jiki na kemis ba ya yi wa zugin jijiya wani abin kirki. Likitoci sukan rubuta gabapentin ko pregabalin ko amitriptyline, a fara da kaɗan da dare a riƙa ƙarawa, kuma sukan ɗauki mako ɗaya zuwa wasu makonni kafin a ji aikinsu. Suna sa barci da jiri, kuma ba a yanke su rana ɗaya. Idan kuɗin pregabalin ya yi maka yawa, ka faɗa wa likita ya duba ko amitriptyline zai dace da kai, maimakon ka riƙa tsallake kwanaki. Tiramadol kada ya wuce abin da aka rubuta, domin yana kama mutum kuma yana taurara bayan gida, yunƙuri kuwa yana tayar da ciwon. Ga ganye da kayan marmari a kasuwar Farin Gada, a ci a sha ruwa sosai. Wanda aka sa wa ƙarfe ya tambaya kafin ya sha diclofenac ko ibuprofen, ya kuma bar taba, saboda tana hana ƙashi haɗewa. Mai ciwon suga ya kula da sugansa, don shi ma yana cin jijiyoyin ƙafa.

Akwai alamun da ba a jira gari ya waye a kansu: fitsari ko bayan gida ya ƙi fita ko ya riƙa kuɓucewa, sagewa a matse-matsi da gaba, sabon rauni har ƙafa tana ja a ƙasa, zazzaɓi da ruwa ko mugunya daga ɗinki, ciwon kai mai tsananta idan an miƙe, ko kumburin sha-raɓa ɗaya. Duk wanda ya ga ɗayansu ya tafi asibitin da aka yi masa aiki, ko sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, a daren.

Ana cire zare tsakanin kwana 10 da 14. Gashin ƙashi a wurin likitan fisiyo, wato likitan motsa gaɓoɓi, yakan fara daga mako na 4 zuwa na 6, kuma atisayen ƙarfafa ciki da ɗuwawu da zai koya maka ka riƙa yin sa a gida kullum. Keke Napep a kan hanya mai ramuka ka haƙura da ita a watannin farko, tuƙi kuma sai ka daina shan mai sa barci kuma ƙafarka tana taka burki da ƙarfi. Mai aikin ofis yakan koma bayan mako 4 zuwa 6, mai aikin ƙarfi sai bayan wata 3 ko fiye. Sujada a ƙasa ka dawo da ita a salla ɗaya tukuna, bayan likita ya amince, ka ga yadda ƙafar za ta kwana kafin ka ƙara ta biyu.